Takalman Ƙofar Ɗaki

Duk ɗalibin da aka turo mini koyon aiki, a makonsa na farko yana ganin allurar rigakafi ba wani abu ba ce. Ba sai ya faɗa ba, daga tsayuwarsa nake ganewa. Ka zuƙo magani, ka tsira, ka danna auduga, uwa ta saɓa ɗanta yana tsala ihu, ka kira na gaba. To, ban musa muku ba, tsira allura ba ta da wuya. Direbanmu ma na taɓa koya masa a jikin lemon zaƙi, kafin azahar ya iya. Abin da na yi shekara talatin ina koyo, har yau ban ce na gama ba, shi ne ranar da kwalba shida ta rage a akwati, mutane kuma sun cika fili, wa za ka fara kira, wa kuma za ka kalli idonsa ka ce masa ba yau ba.

Sista Asabe ake ce mini. Daga Zariya aka turo ni Gwagwalada ina 'yar shekara ashirin da uku, takardar makarantar kiwon lafiya a jaka, girman kai kuma ya cika ni. Wadda na tarar a ɗakin shan maganin wata gajeruwar mata ce, mutuniyar kudancin Kaduna, ana ce mata Mama Rifkatu, ba ta rabuwa da takalmin roba da waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ta karɓi takardata ta duba gaba da baya, ta ce ta yi kyau, sannan ta miƙo mini tsumma da ɗan almakashi, ta nuna mini firij. Firij ne mai aiki da kananzir, domin wutar nepa a lokacin baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Wata uku cur ban taɓa hannun yaro ba. Aikina in gyara lagwani, in tabbata harshen wutar shuɗi ne, domin da ya koma ruwan ɗorawa hayaƙi ya fara, sanyi kuma ya fara gudu. Safe da yamma in duba ma'aunin sanyi in rubuta a katin da ke manne a ƙofar firij ɗin. Na yi ƙorafi, na ce ba gyaran fitila na karanta ba. Mama ta ce mini in maganin ya mutu a firij, ruwan banza zan riƙa tsira wa 'ya'yan mutane, su tafi gida suna yi mini godiya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai akwatin sanyi da robobin ƙanƙara da ake jerawa a gefensa. Ba a ciro robar daga firij a cusa ta haka nan, sai an ajiye ta a tebur ta yi gumi, ka girgiza ka ji ruwa yana motsi a ciki, domin akwai maganin da zafi ke kashewa, akwai kuma wanda daskarewa ke kashewa. Wasu magungunan gari ne a kwalba, suna zuwa da ruwan haɗinsu. Da ka haɗa, kana da awa shida, bayan nan sai zubarwa. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce. In ka fasa ta saboda yara biyu, ka zubar da rabon takwas. Shi ya sa Mama ba ta taɓa ɓalle murfin kwalba sai ta ƙirga kawunan da ke gabanta sau biyu.

Aikin da na fara gane sana'ar a cikinsa, a wani ƙauye ne bayan Gwagwalada, shekarar da ƙyanda ta shiga. Maganin da aka ba mu ba zai kai rabin yaran garin ba. Dagaci ya tarbe mu da ruwa da gyaɗa, ya riga ya jera 'ya'yan gidansa da na ƙannensa a gindin mangwaro. Ni har na fara buɗe akwati. Mama ta dafa murfin, ta rusuna ta ce, “Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu gaida matan gari tukuna.” Muka shiga gida-gida. Ba ta tambayar komai da farko, ƙofar ɗaki kawai take kallo, tana ƙirga takalma da silifas da aka zube a bakin ƙofa. Inda yara ba su da takalmi, ko mutane sun fita gona da nasu, sai ta leƙa ta ƙirga tabarmin da aka naɗe a jikin bango. In ta ga yaro mai ƙuraje, ba ta cewa ina gidanku. Cewa take, “A wane ɗaki yaron nan yake kwana? Da su wa?” A hanyar dawowa gindin mangwaro ta ce mini irin wannan cuta numfashi take bi, saboda haka ɗakin da mutane suka fi cunkushewa nan za ta fara cinyewa, nan kuma ya kamata mu riga ta zuwa. Yaran dagaci, biyu-biyu suke kwana a ɗaki mai taga. Su ne na ƙarshe a layi, kuma maganin bai kai kansu ba. Dagaci ya haɗe rai, bai raka mu mota ba. Mama ta gode masa da gyaɗa kamar ba ta lura ba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne, kuma kowa da yadda ake bi da shi. Matan Fulani sai sun sayar da nono suke zuwa, to kada ka rufe akwati da wuri ranar kasuwa. Akwai uwar da za ta ce katin ɗanta akuya ta cinye, kuma sau da yawa gaskiya take faɗa. Akwai maigidan da ba ya so, wanda in ka yi masa gardama a gaban matansa ka rufe ƙofar gidan har abada, amma in ka same shi a shagonsa ka zauna ka sha shayi, gobe shi zai kawo yaran a babur. Akwai kuma matan manya, waɗanda sai sun ga ka yaga ledar sabon sirinji a gaban idonsu. Waɗannan ban taɓa jin haushinsu ba, hakkinsu ne.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Abuja ta tashi tsaye. Kuɗi suka shigo gari, duk inda ka waiga gini ne ke hawa, tifofi suna ta sauko da dutse daga tudun Mpape ba hutawa. Mu ma abin ya taɓa mu. An kawo firij mai hasken rana, an kawo motoci, kowa ya sayi wayar salula yana rataye ta a wuya. Mama Rifkatu ta yi ritaya, ni kuma aka ƙara mini girma aka dawo da ni ofis a cikin gari. Na samu tebur, na samu kwamfuta, na samu esi mai sa mutum ya nemi mayafi, da wata ƙatuwar taswirar birni a bango. Na kama gida a Lugbe. In faɗa muku gaskiya, na ji daɗin kujerar nan, kuma takalmin robana ban san inda na jefa shi ba.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta sanƙarau. Ya shigo ne a tsakiyar zafin nan na kafin damina, lokacin da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. Ku da ba ku gan shi ba, ciwo ne mai gaggawa: zazzaɓi, ciwon kai kamar zai tsage, wuya ya sanƙare, mai lafiya da safe kafin gobe ba ya gane uwarsa. Duk arewa ana neman allurar a lokaci guda, saboda haka abin da ya iso mana kaɗan ne, kuma ba wanda ya iya faɗa mana ranar da wani zai zo. Ogana a lokacin wani likita ne, Dokta Bashir, mutum mai sanyin magana. Ya tara mu miting, aka yi ta ja. Wani ya ce a fara da makarantun kwana, wani ya ce gidan yari, wani ya ce bariki. Wata ta ce a raba wa kowace unguwa kaɗan-kaɗan don kada a ce an yi son kai, Dokta ya ce hakan kamar ka raba bokitin ruwa ɗaya ne wa gidaje goma alhali ɗaya ne ke cin wuta. A ƙarshe aka tsaya a kan abu uku. Masu jinyar marasa lafiya a asibiti su fara samu. Bayan su, 'yan shekara biyu zuwa talatin, domin su cutar ta fi kamawa. Kuma a zuba duk abin da ya rage a unguwar da aka fi samun masu ciwon. Ni aka ba aikin gano unguwar.

Na zagaya asibitocin cikin gari na kwafo suna da adireshin duk wanda aka kwantar da sanƙarau. Na dawo na sayi fil mai jan kai, kowane adireshi in soka fil ɗaya a taswira. Da na ja da baya na duba, sai na ga jajayen fil sun taru a Maitama, unguwar manya, a tituna uku zuwa huɗu. Dokta Bashir ya daɗe yana kallon bangon.

“Sista, kin tabbata? Maitama fa.”

“Ranka ya daɗe, ba ni na faɗa ba, rajista ce ta faɗa. Ga lambar gida, ga sunan titi.”

Ba wanda ya ƙara jan maganar. Ina jin ma wasu sun samu sauƙi a ransu, domin waya ta riga ta fara shigowa daga manyan gidaje ana tambayar yaushe za a zo.

Kwana tara muka yi muna bin titunan nan gida-gida. Ban taɓa aiki mai daɗi irinsa ba. Maigadi ya buɗe get, a ɗaure kare, a shigar da mu falo mai sanyi, a kawo lemon kwalba a faranti. Yaran gida su fito fes-fes su miƙa hannu. Kafin mu gama, uwargida ta kira ƙanwarta a Wuse ta kawo nata, ta ce ai kusan a nan suke zaune. A kowane gida nakan tambaya ko akwai wanda ya yi ciwon, a ce mini, “Allah ya kiyaye, ba a gidan nan ba.” Na ɗauka kunya ce irin ta manya, ba sa so a ce cuta ta shiga gidansu. Na ga ƙofofin ɗakuna a gidajen nan, na ga takalma jere sun fi hamsin, amma duk na mutum ɗaya ne. Idona ya gani, kaina bai ɗauka ba.

Rana ta goma muka isa wani gida da ke cikin takardata, da sunan wani yaro Ishaya, ɗan shekara takwas. Matar gidan wata Hajiya ce mai aiki a ma'aikatar tarayya, tana shirin fita. Na ce mata ya jikin Ishaya, kuma ina so in ga ɗakin da yake kwana.

“Wane Ishaya? Sista, mu ba mu da Ishaya a gidan nan. Duba fayil ɗinki da kyau.”

Na karanta mata lambar gida da sunan titi, ta ce gidan ne kam. Muna cikin haka na lura da wata mata tsaye a ƙofar kicin, tana murza hannu a jikin zaninta. Kukun gidan ce, sunanta Naomi, 'yar wajen Filato. Ta matso a hankali kamar mai laifi.

“Madam, yarona ne. Ni na ba da adireshin nan.”

Na tambaye ta ko a ɗakunan baya suke zaune. Ta ce a'a, ita kullum da safe take zuwa, da yamma ta koma. Sai a lokacin tambayar Mama Rifkatu ta faɗo mini a baki, bayan kwana goma.

“A ina yaron yake kwana?”

“Mpape, Sista. Bayan wurin fasa dutse.”

“To me ya sa ba ki rubuta Mpape ba?”

“Mai rubuta kati ya ce lambar gida da sunan titi. Mu ba mu da titi, ba mu da lamba. Kuma kin san ana maganar rusau. In ka rubuta Mpape a takardan gwamnati, gobe sai ka ga jan fenti a bangonka. Kowa adireshin oga yake bayarwa. Ko a asibiti ma sun fi saurin duba ka.”

Ban shiga gida na gaba ba. Na bar akwatin a mota, na ɗauki takardata na koma baya ina bin get-get da ƙafa, ba masu gida nake nema ba, masu gadi nake tambaya. Kowane suna na karanta sai a ce, ai ɗan direba ne, ai ƙanin mai wanki ne, ai matar mai ba fulawa ruwa ce. Ina suke kwana? Mpape. Mpape. Mpape. Na duba akwati, kwalba shida ta rage. Na kira Dokta Bashir na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce saura gida huɗu a titin, ɗaya na wani babban mutum ne da ya riga ya kira shi sau biyu. Sannan ya ce, “Ki tafi Mpape da safe. In ya sake kira, ni zan amsa.”

Washegari da sassafe Naomi ta tarbe mu a gindin tudu, inda mota ba ta iya wucewa. Na ɗora akwatin a ka muka bi 'yar hanyar ƙafa tsakanin ɗakunan bulo da langa-langa. Da mutane suka ga farin kaya da takarda a hannuna, sai ƙofofi suka fara rufuwa. Na mayar da takardar cikin jaka, allin da muke yi wa gidaje alama da shi kuma na bar shi a aljihu. Naomi ta kai ni wurin mai unguwa, wani dattijo Bagwari da ake kira Baba Danjuma. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa gaskiya: allura ta mutum sittin ce kawai, kuma ba layi za a yi ba, ni zan zaɓa.

“Mutum sittin? Yarinya, ka ga mutanen da ke nan kuwa?”

“Na gani, Baba. Shi ya sa nake so ka raka ni, in an zage ni a zage ni a gabanka.”

Ya yi dariya ya ɗauki sandarsa. Muka bi duk ɗakin da aka fitar da mai ciwo, ina kallon bakin ƙofa. A wani ɗaki na samarin da ke fasa dutse na ƙirga silifas ƙafa goma sha bakwai, ɗakin bai fi kicin ɗin Hajiya ba, ba taga, kuma biyu daga cikinsu suna asibiti. A wani ɗakin iyali biyu ne suka raba da labule. Na tsayar da dokata a fili, na sa Baba ya maimaita da Gwaranci da turancin buroka: wanda yake kwana ɗaki ɗaya da mai ciwo, ɗan shekara biyu zuwa talatin, kuma ƙanana su ne farko. Kwalba ɗaya nake haɗawa, sai na ga mutum goma tsaye a gabana.

Wadda ta fara karɓa ƙanwar Ishaya ce, Saratu, 'yar shekara biyar, tabarma ɗaya suke kwana da shi. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Tun daga gindin tudu take bina tana waƙar makarantar Lahadi, tana tambaya, “Anti, me ke cikin akwatin? Ayis kirim ne? Anti, kanki ba ya ciwo?” Da na tsira mata ba ta yi kuka ba, ta dai ce mini na cuce ta, ba za ta ƙara yi mini waƙa ba. Kafin in gama da na biyu ta manta ta ci gaba.

Hana mutane shi ne aikin ranar. Wata ta kawo jaririn wata goma, na ce maganin ba na shekarunsa ba ne, ta zauna a ƙasa tana kallona har na gama. 'Ya'yan Baba Danjuma biyu suka zo, na ce ɗakinsu ba a samu ciwo ba, Baba ya ɗaga sanda ya ce su koma. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani magidanci ne mai lodin tifa, ya haura arba'in, matarsa tana asibiti, na yi wa 'ya'yansa uku.

“Madam, ni ne nake ciyar da su. In ni na faɗi fa, wa zai riƙe su?”

Maganarsa gaskiya ce. Na ce masa, “Ka yi haƙuri, Malam, cutar ta fi son ƙanana, kuma abin da ke hannuna ke nan.” Na roƙe shi ya riƙa kwana a waje da yaran tunda zafi ake, ya fasa wa ɗakin taga ko da ta bulo biyu ce. Naomi kanta ta wuce talatin da shekara uku. Ba ta ko tambaya ba, ta tsaya tana riƙe mini auduga. Kafin ƙarfe sha ɗaya akwatin ya zama fanko, kuma mutanen da suka rage a filin sun ninka waɗanda na yi wa. Na ji nauyi ƙwarai da nake saukowa, duk da akwatin ba komai a ciki.

Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne allurar sanƙarau ba ta kama jiki ranar da aka yi ta. Sai ta yi kamar kwana goma. Kwana huɗu bayan zuwana Naomi ta kira ni a wayar maigadi, ta ce Saratu ta tashi da zazzaɓi, ba ta son haske. Na same su a asibiti. An yi ƙoƙari, kuma Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Ishaya ma ya warke sarai. Amma ranar da za a sallame su, wata nas ta yar da faranti a bayan gadon, duk ɗakin ya zabura, Saratu ba ta waiga ba. Ciwon ya tafi da jinta, kunne biyu.

Lissafin ba shi da wuya. Da ranar farko na hau Mpape maimakon Maitama, da allurar ta yi kwana goma sha huɗu a jikinta kafin ciwon ya zo. Dokta Bashir ya ce mini ba wanda ya san abin da zai faru, kuma shi ma ya sa hannu a taswirar. Naomi kuma kanta take zargi, tana cewa ita ta ba da adireshin ƙarya. Na ce mata ita amsa ta bayar daidai da tambayar da aka yi mata, ni ce aka koya wa tambayar da ta dace, ban yi ta ba. Na yi baƙin ciki da abin nan, har yau kuma ina yi. Da sabon magani ya iso bayan 'yan makonni, kai tsaye Mpape aka nufa da shi. Mai lodin tifar nan ya samu, yana tsaye da ƙafarsa. Ba a daɗe ba ruwan sama ya sauka, cutar ta lafa.

Na je Gwagwalada na ba Mama Rifkatu labari tana tsince wake a tire. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in na gama ba ta labarin ofis, akwai takalmin roba a kasuwa, ba su yi tsada ba. A shekarar na nemi a mayar da ni ɗakin shan magani a Lugbe. Tun daga nan duk fom ɗin da ya biyo ta hannuna nakan ja masa layi da biro a gefe, in rubuta: inda yake kwana, da mutum nawa. An sha yi mini magana cewa ina ɓata takardar gwamnati. Wannan layin ne kuke yi wa dariya kuna cewa tsohuwa ta cika bin diddigi.

Bara, wata ranar Talata da muke rigakafin jarirai, ina daga ciki na ji ɗalibata tana ɗaga murya. Ta kira lamba sau uku ba a amsa ba, ga kuma wata matashiya zaune a benci da jariri a cinya, riƙe da lambar, tana kallon wani waje. Na fito na karɓi katin na duba sunan uwa. Kafin in ɗago ta riga ta gane ni. Ta yi murmushi, ta nuna damtsenta na hagu da yatsa, ta nuna ni, sannan ta ɗora hannu a kanta kamar mai ɗauke da akwati. Saratu ce, aure ya kawo ta Lugbe.

Ɗalibar ta ji kunya, ta rage murya ta ce, “Mama, to yaya zan cike layin nan naki?” Na ce ta kalla. Na haɗa tafin hannuwana biyu na kwantar da kumatuna a kai, na ɗaga gira. Saratu ta yi dariya mara sauti, ta nuna wajen bayan titin filin jirgi, ta ɗaga yatsu uku. Sai ta dubi jaririn ta ɗaga na huɗu. Ɗalibar ta rubuta.

Ni na yi wa yaron allurar da hannuna, ban bar wa kowa ba. Ya tsala ihu har na bakin get suka ji. Uwarsa ba ta ji ba, amma tun kafin in tsira ta riga ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙirjinsa, tana jiran kukan ya iso mata ta nan. Da ya iso, ta rungume shi ta fara jijjiga shi.